Wejin Usta Bayyumi

Yanzu in ka ji ana zancen Usta Bayyumi a unguwarmu, gwarzo za ka ji ana cewa. Har takardar yabo aka ba shi, mai zanen furanni a gefe, Madam Afaf, shugabarmu a wurin aiki, ta sa aka rataye irinta a ofis. To ni Zinat, da ake kira Ummu Hisham, shekara goma sha tara ina girki da goge-goge a gidan kula da tsofaffin nan. A gabana aka yi komai, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki. Ku bar takardar can a bango, ni zan gaya muku yadda aka yi.

Usta Bayyumi kafinta ne. Wannan ba wani labari ba ne a garinmu Dumyat, don in ka rufe ido ka cafko mutum a titi, kafinta ka cafko, ko surukin kafinta. Shekara arba'in ya yi yana sassaƙa ƙafafun kujerun amare, irin masu lanƙwasa da ruwan zinare, waɗanda ba a zama a kansu sai an yi baƙo. Mutanen Alƙahira suna mana gori wai mu marowata ne. Ƙarya suke yi, ba ma zubar da abu ne kawai. Shi kuwa Usta ya fi kowa wannan ciwo. Guntun katako ko bai kai ɗan yatsa ba, sai ya jujjuya shi, ya shinshina, ya jefa a aljihu, wai ranarsa na zuwa.

Matarsa ce ta kawo shi gidanmu. Hajja Nargis, wata 'yar siririya mai son kwalli. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya haɗa da maganarta. Allah bai ba su haihuwa ba, gidansu yana hawa na huɗu, shi kuma bayansa ya gama aiki. Sai ya zo ya roƙa mata gado a wurinmu, ya roƙa wa kansa aikin gadi. Madam Afaf, wato shugabar gidan, ta kalle shi sama da ƙasa ta ga mai gadi da kafinta a cikin riga ɗaya, nan take ta tuna cewa ita mace ce mai tausayi.

Ranar da aka kwantar da Hajja a ɗakin farko na ɓangaren mata, a saman bene, ina tsaye da tire a hannuna. Ya ciro wata ƙararrawa ta tagulla, mai nauyi, irin ta keken doki, ya ɗaura mata da zare a hannun hagu.

"Ɗaya, ruwa," ya ce mata. "Biyu, a juya ki. Uku kuwa, ba komai, ganina kawai kike son yi. Kujerata tana gindin matakala. Ki kaɗa, Nargis, ko me nake yi zan zo."

Kuma yana zuwa, wallahi. Ko cokali na hanyar bakinsa, da ya ji ƙararrawa sai ya ajiye. Sau ashirin a yini tsohon nan yake hawa matakala yana nishi yana ambaton Allah. Rabin kiran kuwa na uku ne. Muna yi masa tsiya, muna cewa ango an kira ka, shi ko a jikinsa.

Shekara biyu ana haka lafiya lau, sai aka zo da doka cewa duk gidan da tsofaffi ke kwance sai an sa masa ƙofofin tare wuta da hayaƙi. Aka kawo mana uku. Ɗaya a ɗakin wanki da ke ƙarƙashin matakala, biyu a sama, ta ɓangaren mata a dama, ta maza a hagu. Wasu irin ƙofofi marasa fara'a, masu nauyin tsiya, kowace da hannun ƙarfe a samanta da ke janta ta rufe da kanta. Ka tura ka wuce, sai ka ji ta biyo bayanka a hankali tana huci, sannan ƙaras. An manna musu jan rubutu cewa a bar su a rufe kullum.

A rufe kullum! A garin da in ka rufe ƙofa da rana, maƙwabta za su ce ko faɗa ake a gidan, ko agwagwa ake ci ba a son a raba. Tsofaffin mata suka ɗauki kuka. Wata ta ce ita ba ta mutu ba tukuna, me ya sa aka rufe ta. Masu keken guragu suka kasa turawa, masu sanda ƙofar ta riƙa ture su.

A yinin farko Hajja Nargis ta kaɗa ƙararrawa har hannunta ya mutu, Usta yana ƙasa bai ji ko alama ba. Da shirun ya yi masa yawa ya hau, ya tarar da ita jiƙe, tana hawaye ba sauti. Na gan shi da ya fito, fuskar nan kamar an mare shi. Ni kuma a ranar ƙofar ta bi ni ta doke ni a gwiwar hannu, miyar waken adas ta mutum takwas ta ƙare a ƙirjina. Raina a ɓace na sauko, kuma ni ce na faɗi maganar, ba zan ɗora wa kowa ba.

"Usta, kai ba kafinta ba ne? Garin kafintoci guda, ƙofa ta gagare mu? Ina guntayen nan da kake tarawa kamar ɓera?"

Idonsa ya yi haske. Ranar guntun katako ta zo.

Wejin farko ba shi da wani ado, ɗan katako ne mai tsini da aka cusa a ƙarƙashin ƙofa. Kafin la'asar ƙofar ta tura shi ya zame a kan tayil. Usta ya ɗauki abin a matsayin zagi. Kwana uku ba ya magana da kowa, yana zaune da zarto da magagari. Abin da ya fito da shi a ƙarshe, ko a ɗakin amarya aka ajiye shi ba za a ji kunya ba. Katako ne mai tauri, irin wanda muke kira zan, an manna masa robar taya a ƙasa, an yi masa haƙora a sama da ke cizon gindin ƙofa. Ya sassaƙa 'yar fure a wutsiyarsa, ya shafe shi da mai har yana ƙyalli. Ya saita shi, ya ba shi guduma biyu, ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Ummu Hisham, ja mu gani."

Na ja. Na sa ƙafa a bango na ja. Ƙofa ko motsi.

"Kira jaki ma ya ja," in ji shi. "Wejin Bayyumi ba ya zamewa. In ba da guduma ba, sai dai a rushe gidan."

Muka yi ta tafi kamar sakarkaru. A ranar ƙararrawa ta dawo tana saukowa har gindin matakala, Hajja Nargis ta yi murmushi da rabin bakinta mai rai. Kafin mako ya zagayo kowace ƙofa ta samu nata, har ta ɗakin wanki, don mai ɗauke da zanin gado ba ta da hannun tura ƙofa. Madam Afaf ta ce a yi mata nata da harafin sunanta.

Mutum ɗaya ne ya ɓata mana biki, Ustaz Milad na ɓangaren maza. Shekara talatin ya yi a ɗakin injin jiragen ruwa na dakon kaya, ya dawo da ƙafa ɗaya mai ciwo da baki mai ɗaci. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya duba ta ya ga inda ta karkace. Duk wejin da aka sa a ƙofarsu sai ya aika a aro masa guduma ya fitar da shi, ya wurga ta taga. Uku ya wurga. Usta ya tsinto na ukun a cikin kwata, ya hau sama yana huci.

"Ustaz, me katakona ya yi maka?"

"Katakonka bai yi min komai ba, Usta. Kanka ne katakon. Ka iya karatu? Me aka rubuta a nan da ja?"

"Wanda ya rubuta ba shi da mata a sama."

"Ni na ga wuta a jirgi," in ji Ustaz Milad, yana buga sandarsa a ƙasa. "Ba ta taɓa ko gashin mutum ɗaya ba. Hayaƙi ne ya bi ƙofar da wani ɗan gata ya bari a buɗe, ya kashe mana mutum huɗu a kan gadajensu. Biyu ni na ɗauko su."

"To nan ba jirgi ba ne. In ka leƙa taga ka ga mun bar gaɓa, ka aiko a gaya min."

Aka kwashe da dariya, har da ni, har ina riƙe ciki. Daga ranar Ustaz Milad ya jawo kujerarsa ya dasa a bayan ƙofar maza, ya zama shi ke buɗe wa kowa yana masifa, yana kuma tabbatar da ta yi ƙaras. Tsofaffin maza suka sa masa suna Gandiroba. Sun ce zafi zai kashe su, sun ce ba sa jin ƙamshin girki, sun kai ƙararsa ofis sau ba adadi. Usta Bayyumi ya sallama masa ƙofar maza, ya ce su ƙarata can da kurkukunsu.

Kada ku ce ba a zuwa dubawa. Ana zuwa mana, mu ba 'yan daji ba ne. Sau biyu a shekara wani jami'i yake zuwa da fayil a hammata. Sai dai kullum akan samu ɗan albarka da zai bugo wa Madam waya tun jajibiri. Da safe sai ka ga Usta yana zagayawa da guduma, yana dukan wejinsa ta gefe har su fita, ni kuma ina biye da kwando. A kicin nake ɓoye su, ƙarƙashin albasa. Sannan in hau kujera in cire wa na'urorin jin hayaƙi hulunansu.

Eh, huluna. Kowace Juma'a da hantsi muna zagaya gidan da kaskon turaren wuta, ɗaki ɗaki, saboda kambun baka da kuma warin da ba sai na faɗa ba. Haka muka gada, kuma tsofaffin in ba a yi ba sai su ce ranar ba Juma'a ba ce. To na'urorin nan da ke manne a rufi ba su san turare ba, da sun shaƙa sai su kama ihu. Ni ce na gano cewa hular ledar da muke sawa a kicin daidai kansu take. Har yaba min aka yi.

Jami'in zai zo ya tura ƙofa, ya tsaya ya kalle ta tana rufuwa, ya gyaɗa kai kamar shi ya haife ta. A kai shi ofis a ba shi shayi da mushabbak, wato soyayyen kayan zaƙin garinmu mai zuma, ya sa hannu. Duk tsawon wannan awa Usta yana sama a gefen gadon matarsa, don ya san ba zai ji ta ba. Motar jami'i ba ta gama shan kwana ba za ka ji guduma, ƙwan ƙwan, sau biyu a kowace ƙofa. Shekara uku muka yi a haka, kowa na ganin kansa mai wayo.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, da tsakar rana, cikin zafi. Na gama zagayen turare a makare, sai na jiyo kifina na ƙonewa a kicin. Na dire kaskon a ɗakin wanki, a ƙasa, na ce yanzu zan dawo in kashe garwashin. Kusa da shi akwai tulin zannuwan gado da wasu katifun soso biyu da aka jingine. Ban dawo ba. A rahoton hukuma an rubuta cewa wayar lantarki ce ta haddasa. Allah ya saka wa wayar lantarki, ta ɗauki zunuban mutane da yawa a ƙasar nan.

Masallacin unguwa yana jikin gidanmu, ranar Juma'a sahu yakan fito har titi. Usta Bayyumi kullum a sahun ƙarshe yake shimfiɗa tabarmarsa, daidai bakin ƙofar gida, kunne ɗaya ga liman, ɗaya ga matakala. Suna raka'a ta biyu ya ji ƙararrawa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, ba uku ba. Kaɗawa take yi babu tsayawa. Na'urorin da aka saya don wannan rana suna can sanye da hulunansu sun yi tsit. Matar da ba ta iya magana ce ta fara shaƙar hayaƙin, ita ta sanar da gidan.

Ya sallame sallarsa a tsaye, ya shigo ba takalmi. Ihunsa ne ya fito da ni daga kicin. Innalillahi, abin da na gani! Baƙin hayaƙi mai kauri yana fitowa daga ɗakin wanki, ta ƙofar da muka tokare, bai ko waiwayi tsakar gida ba. Matakala ya kama, yana hawa abinsa. A sama ya tarar da ƙofa biyu, ta hagu a rufe, ta dama a wangale, da 'yar fure a gindinta tana masa maraba.

Usta ya kutsa ciki. Na jiƙa mayafina a bokiti na rufe hanci na bi shi, ban san ma na yi ba. A bakin ƙofar mata na same shi ya kama ta da hannu biyu yana ja. Na kama muka ja tare. Ko gezau. Ya sa ƙafa ya hauri wejin, ƙafar da ba takalmi, na ga farcen babban yatsansa ya tashi. Ya sake hauri. Wata biyar rabon da jami'i ya zo, wata biyar ina kwarara ruwan goge ƙasa a wurin safe da yamma, katakon ya sha ya kumbura ya zama ɗaya da ƙofar.

"Guduma!" ya ce, yana tari. "Ummu Hisham, guduma!"

Gudumar tana ƙasa, cikin akwatinsa, ƙarƙashin kujera. Na waiwaya matakala ban ga matakala ba. Hayaƙi na ta wucewa ta saman kawunanmu yana shiga ɓangaren mata, su goma sha ɗaya a kwance, wasu na salati, wasu na kiran 'ya'yan da ba su zo ganinsu ba tun ƙaramar salla. Ɗakin farko shi ya fi cika, kuma daga cikinsa ƙararrawa na ta kaɗawa, sai dai ta fara yin rauni.

Ya ruga ɗakin. Na zaci ɗauko ta zai yi, alhali na san bayansa ba zai iya ba. Sai ga shi ya fito da ƙararrawar a hannu, zaren ya tsinke yana reto. Ya durƙusa ya shiga dukan wejin da ita ta gefe. Kowane duka sai ta yi ƙara. Yana duka yana zagin katakon, yana zagin robar taya, yana zagin hannun da ya sassaƙa. Aikin Bayyumi ne fa, ba ya zamewa, shi da bakinsa ya faɗa. Na ƙirga duka goma sha huɗu kafin abin ya yi tsalle ya bugi bango.

Ƙofar kuwa ba ta san ana sauri ba. Ta taho a hankali tana hucinta yadda ta saba, sannan ƙaras. Nan take hayaƙi ya daina shigowa, kamar an rufe famfo. Na tsaya ina kallonta baki buɗe. Shekara uku muna zaginta, ashe abin da ta iya ke nan.

Muka bubbuɗe tagogi, muka jajjawo gadaje kusa da iska. Masallata suka taru da bokitai, 'yan kwana-kwana suka iso suka kashe wutar, ba ta ma fita daga ɗakin wanki ba. Da suka buga ƙofar maza, Ustaz Milad ne ya buɗe, ya riga ya toshe ƙarƙashinta da jiƙaƙƙen tawul. A bayansa tsofaffi biyu suna wasan dara, ɗaya na tambaya ko abincin rana ne aka kawo. Na je daga baya na tsaya a saman matakala na duba. Bangon mata baƙi ƙirin har rufi, na maza fari tas, ko ɗigo babu.

Mata goma sun yi tari sun warke. Hajja Nargis ƙirjinta dama ba ƙarfi, kuma ita ta fi kowa sha. Kwananta tara a asibiti da bututu a hanci, Usta na zaune a gefenta da yatsa a naɗe. Rana ta goma da hantsi ta cika. Na yi kuka kamar uwata ce ta mutu, kuma ba tausayi kaɗai ke sa ni kukan ba.

A wurin zaman makoki Madam Afaf ta zo da baƙin gilashi, ta zauna a tsakiyar mata tana jawabi.

"Kun ga hikimar Allah? Da ƙofar nan a rufe take, wa zai ji ƙararrawa? Da duk mun ƙone. Buɗewar ce ta cece mu."

Mata suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa jinina ya hau.

"Madam, da ƙofar ɗakin wanki a rufe take, da na'urori ba su sa hula ba, Hajja ba ta bukatar kaɗa komai. Da yanzu tana kwance tana jiran a sa mata kwalli."

"Ummu Hisham, wa ya sa musu hular?" ta ce, tana kallona ta saman gilashi.

Wannan kam ta same ni.

Ustaz Milad ma ya sa aka kawo shi. Ya dogara sandarsa har gaban Usta, kowa na jiran bakin nan mai ɗaci ya buɗe.

"Ubangiji ya ba ka haƙuri, Usta."

"Faɗi mana, Ustaz," in ji Usta Bayyumi. "Ka ce ka gaya min. Faɗi, hakkinka ne."

"Ba zan faɗa ba. Matsa min in zauna, ƙafata na ciwo."

Bayan kwana arba'in na same shi a kujerarsa na gaya masa zancen kasko, duka, ban rage ba. Na shirya ya tofa min yawu a fuska.

"Ke kin ajiye garwashi a ɗakin wanki," ya ce. "Da can zai ƙare. Ni na share masa hanya har bakin gadonta, na shafa mata mai, na yi mata fure. Je ki kawo min shayi, Ummu Hisham."

Aka yi fenti, aka sayo sababbin katifu, aka yi ɗan taro aka miƙa masa takardar yabo, saboda jarumtar rufe ƙofa a lokacin gobara. Ba a rubuta wanda ya buɗe ta ba. Ya karɓa, daga baya na ga ya shimfiɗa ta a ƙasan akwatin kayan aikinsa, don ba ya zubar da abu.

Fentin bai gama bushewa ba Madam Afaf ta kira shi ofis, ina ciki ina goge tebur.

"Usta, ƙofofin nan sun dame mu, ka ga masu tire na wahala. Ka ɗan yi mana wasu mana. Ba irin na da ba, ƙanana, waɗanda za a iya cirewa da ƙafa."

Na ga hannunsa ya shiga aljihu. Ya ciro wejin ranar, duk ya lotse ta gefe, furen ya fashe, ya ɗora mata a kan fayil.

"Wannan ma da ƙafa na fara gwada shi, Madam. Ki ajiye shi a nan ki riƙa kallo. Ni na bar sassaƙa."

Ta ce ya kwashe mata ƙazanta daga tebur. Ya ɗauka ya mayar aljihu, har yau yana can.

Kuna tsammani mun yi hankali? Ina! Da aka rasa weji sai aka koma kwali, aka koma silifa. Ran nan na tarar da sabuwar ma'aikaciya ta tokare ƙofar mata da tukunyar kashe gobara, ja jawur, tana cewa ai ta fi komai nauyi. Sai dai yanzu akwai Usta Bayyumi. Da buhu yake zagaya gidan, sau biyar a yini, duk abin da ya gani a gindin ƙofa sai ya kwashe, ba ya sauraron magiya. Ni ma na ƙona hulunan nan, turaren Juma'a a tsakar gida nake yinsa, mai so ta leƙo ta taga. Tsofaffin mata suna tsine mana mu biyu. Shi sun sa masa Gandiroba Ƙarami, Ustaz Milad kuma ya ce sam, bai yarda a haɗa shi da kafinta ba, amma kullum da la'asar tare suke shan shayi.

Kujerarsa tana nan a gindin matakala. Ƙararrawar tana aljihunsa ɗaya, ta lotse, harshenta ya karye tun ranar, ko ka girgiza ta ba ta cewa komai. Amma wani lokaci ina wucewa sai in ga ya ajiye kofi, ya miƙe zumbur, ya kama matakala yana nishi. Ya tura ƙofar mata, ya tsaya a bakin ɗakin farko, inda wata baƙuwar tsohuwa ke kwance yanzu tana kallonsa. Ya juyo, ya jira ƙofar ta yi ƙaras, ya sauko.

Jiya na kasa haƙuri na tare shi a ƙasa.

"Usta, don Allah me kake hawa yi? Ba wanda ya kira ka. Ko da an kira ma, ƙofar a rufe take, me za ka ji?"

Ya zauna, ya ɗauki kofinsa, shayin ya riga ya huce.

"Uku ta kaɗa," ya ce. "Yanzu ko a rufe take ina ji."